Sandar Tazara da Bazarar 2020

A makon jiya ne uwargida ta sa yara fitar da tarkacen ɗaki don a share kafin ruwa ya sauka, sai ga wata doguwar sanda ta gora ta fito daga bayan ƙofa, an ɗaura mata jan ƙyalle a kai, an kuma tsaga mata alama da wuƙa a tsakiya. Autanmu, wanda yana goye lokacin da aka yanko ta, ya sunkuce ta zai kai murhu. Muka ce a'a, ajiye ta. Tsawonta mita 2 cif, mu muka auna ta da rular allo ta makaranta, kuma da ita muka yi bazarar 2020 gaba ɗaya. Tun ranar take jingine kusa da teburinmu, ita ce kuma ta jawo wannan rubutu.

In ba a manta ba, ran 12 ga Maris na wannan shekara aka sanar da samun mutum biyu na farko masu cutar korona a Ghana. Bayan kwana uku, daren Lahadi, shugaban ƙasa na lokacin, Nana Akufo-Addo, ya fito a talabijin ya ce daga Litinin 16 ga wata a rufe makarantu, a daina taro, har da na masallaci da na coci, jana'iza kuma kada ta wuce mutum 25. Ran 30 ga wata aka sa wa Ankara da Kumasi kulle, wanda ya yi mako uku. Mu nan Tamale kullen bai iso mana ba, ana fita ana shiga, amma dai makaranta a rufe, masallaci a rufe, rediyo kuwa safe da yamma maganarsa guda: ku wanke hannu, ku zauna a gida, ku ba da tazara.

To, wanke hannu ba wuya, in famfo ya ga dama ya kawo ruwa. An sayo bokitin nan mai famfo da ake kira da sunan Veronica Bekoe, matar da ta ƙirƙiro shi, aka kafa a zaure. Zama a gida da ba da tazara kuwa, mai karatu da ya san gidajen zango ya san ba su haɗuwa wuri guda. Gidan da muke haya ɗaki 11 ne, iyali 7, makewayi ɗaya, madafa ɗaya, tsakar gida kuma in aka baza tabarma huɗu ta cika. Ga bazara ta kankama, zafi yana taɓa 40 a ma'auni, rufin kwano yana gasa mutum tun hantsi. Gidajen rediyon Turai da muke kamawa suna ta ba mutanensu shawara su fita lambu su kalli furanni, don su a lokacin suke fita daga sanyi. Mu kan yi dariya. Watannin da suke wa murna su ne watannin da jaki ke neman inuwa a wajenmu.

Wani tsoho da ke ɗakin bakin zaure, wanda duk gidan ke kira Baba Alhaji, shi ya fara buɗe mana ido. A bazarar nan sanƙarau yana ta kashe mutane can yankin Wa, har wasu na cewa an manta da su saboda korona. Wata yamma ya kira mu ya ce, "Malam, kai da ka yi boko, gaya mini. Tun muna yara in bazara ta zo ana hana mu cunkusuwa a ɗaki saboda sanƙarau, a ce kowa ya fito waje ya sha iska. Yanzu kuma an ce ciwo ya zo, a koma ɗaki. Wanne ne daidai?" Muka ce, "Baba, ai cewa aka yi kada a taru." Ya ce, "To, ina taro ya fi gidan nan?" Ba mu da amsa. Daga baya likitocin duniya suka tabbatar cewa ƙwayar cutar ta fi yaɗuwa ta numfashi a wurin da iska ba ta zagayawa, a fili kuwa haɗarin ya ragu ƙwarai. Tsohon nan ya riga su da hankalinsa. Shi ne kuma ya tuna mana cewa annoba ba baƙuwa ba ce a zango, don Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda ya rasu a 1934, ya yi waƙa a kan murar 1918 da ta ci mutane a ƙasar nan.

Muka kwana da maganar. Da safe muka gaya wa uwargida za mu riƙa fita da yara bayan gari in an yi asuba, mu dawo kafin rana ta yi ƙarfi. Ta ce, "Malam, in ɗan wani ya dawo da tari, wa za a kama?" Tambaya ce mai nauyi, kuma ba mu raina ta ba. Sai muka kafa sharaɗi: yaran gidan nan kaɗai, tun da dama tare suke kwana suke tashi, ba a gayyato na waje, ba a wuce mutum bakwai, ba a shiga kasuwa, ba a gaisawa da hannu, kowa da gorar ruwansa. Sa'an nan muka yanko sandar. Duk wanda ya matso kusa da ɗan'uwansa har sanda ta kasa shiga tsakaninsu, shi zai ɗauke ta sai an sami wani mai laifin. Gaskiya, ga yaran da ke cin tuwo a kwano ɗaya, sandar ba ta da wani amfani a tsakaninsu. Amfaninta shi ne ta koya wa idonsu abin da ake nufi da mita 2, don in sun gamu da baƙo a hanya su san inda za su tsaya. Cikin mako guda ƙaramin cikinsu ma yana iya kintata tazarar ba tare da ita ba.

Tamale gari ne na keke, kowa ya san haka, har da hanyar masu keke a gefen manyan tituna. Muka tattara kekuna uku a gidan, biyu sai da aka yi musu faci. Wata rana a hau bi da bi, wata rana a taka da ƙafa, mu miƙa ta hanyar Salaga har gidaje su fara ƙarewa, gonaki su buɗe. A nan muka ga abin da ya ba mu kunya. Mun yi shekaru muna koyar da darasin tsirrai a aji, muna zana ganye da saiwa a allo, ashe yaran da ke kwana a gidanmu ba su iya bambanta kaɗanya da ɗorawa ba. Sun san man kaɗe a kasko, sun san daddawa a miya, amma ba su san uwar da ta haife su ba. Darbejiya kaɗai suka sani, ita ma don a lokacin kowa na dafa ganyenta wai maganin korona ne, abin da ba shi da tushe. Jikokin fataken goro ke nan, mutanen da suka taka daga Kano da Katsina har Salaga suna sanin kowane ice da kowane rafi a hanya. Laifin kuwa ba na yaran ba ne. Mu ma rabonmu da bayan gari da ƙafa tun muna kwalejin horon malamai.

Sai muka fara da suna. Wannan rimi ne, ga audugarsa tana tashi. Wannan kuka ce, tsirara take har yanzu. Wannan maɗaci, dubi inda masu magani suka sassaƙe ɓawonsa. Tsuntsaye ma haka: balbela a bayan shanu, hankaka, hasbiya, cilakowa mai tashi kamar za ta faɗo, da ragon maza da ke kuka cikin ciyawa ba a ganinsa. Kowane yaro muka ba shi tsohon littafin rubutu da ya rage shafi, ya rubuta abin da ya gani da kwanan wata, da Turanci don makaranta, da Hausa don gida. Nan ma wata matsala ta fito, don Hausa ba ta cikin harsunan da ake koyarwa a makarantun gwamnati a ƙasar nan, yaranmu suna jin ta suna yin ta amma ba su taɓa ganin ƙ da ɗ a takarda ba. A ƙarƙashin rimi suka fara rubuta su.

Ranar da ba za mu manta ba ita ce ta ɗorawa. Ta nuna, ga ta reto-reto, yara suka ɗauki sandar tazara da kanta suka hau kaɗowa, mu kuma muna tsaye muna kallo, har da nuna musu reshen da ya fi. Sai ga wata dattijuwa Badagwamba ta fito daga gona. Ta tsaya nesa, muka ce "Dasiba," ta amsa "Naa," sa'an nan cikin natsuwa ta tambaye mu wa ya ba mu izini. A ƙasar Dagwamba ɗorawa ba ta kowa ba ce, akwai sarauta a kanta, ba a taɓa 'ya'yanta sai da yardar masu ita. Mun san wannan a ka, amma a ranar mun manta, kamar yadda ɗan zango kan manta cewa bayan katangar zango ƙasa tana da masu ita. Muka ba da haƙuri a gaban yara, muka sa suka tara abin da suka kaɗo a gindin icen. Ta dube su, ta zaɓi guda bakwai ta ajiye a kan dutse, ta ja da baya don su zo su ɗauka. Suka dawo gida baki duk rawaya da gari. Bayan haka ba wanda ya ƙara miƙa hannu ga icen da ba nasa ba, ko mangwaro ne, sai an nemo mai shi.

Darasin da ya fi mana daɗi kuwa na inuwa ne, kuma sandar ce ta kawo shi. Wata safiya wata yarinya 'yar aji shida, ɗiyar makwabciyarmu mai koko, ta ce, "Malam, maɗacin nan sanda nawa ne tsawonsa?" Muka ce ta hau ta auna. Aka yi dariya. Sa'an nan muka kafa sandar a tsaye, muka sa aka ja layi a ƙasa mai tsawon sandar daidai, muka ce a zauna a jira. Inuwar safe doguwa ce, tana raguwa a hankali yayin da rana ke hawa. Wajen ƙarfe tara bakin inuwar ya zo kan ƙarshen layin. Muka ce, to, a wannan lokaci inuwar sanda daidai take da sanda, me za ku ce game da inuwar maɗaci? Shiru. Can sai yarinyar nan ta zabura, ta fizge sandar, ta ruga gindin icen ta fara kwantar da ita a kan inuwarsa tana ƙirgawa da ƙarfi. Sanda takwas da rabi. Ta tsaya ta lissafa da yatsu ta ce mita 17. Mun shekara da shekaru muna koyar da wannan lissafi a allo, ba mu taɓa ganin wanda ya ruga da gudu saboda shi ba.

Da muka ba Baba Alhaji labari bai yi mamaki ba. Ya ce ai da haka malamansu ke gane shigar la'asar tun kafin agogo ya zama na kowa, in inuwar abu ta kai tsawonsa bayan an cire abin da ya rage mata da tsakar rana. Sai ya ƙara da cewa akwai kwanaki a shekara da inuwa ke ɓacewa ɗungum. Wannan gaskiya ne, kuma yana cikin littafin da muka karanta a kwaleji: Tamale tana sama da layin da ya raba duniya biyu da digiri 9 da ɗan kai, saboda haka rana kan bi ta tsakar kanmu sosai sau biyu a shekara, wajen 14 ga Afrilu da kuma ƙarshen Agusta. Ran 14 ga Afrilu muka kafa sandar a tsakar gida, muka daidaita ta da zare da dutse don kada ta karkace. Ƙarfe goma sha biyu da 'yan mintoci inuwarta ta shige gindinta. Matan gida suka fito daga madafa suna leƙe, kowace daga bakin ƙofarta. Wata ta kawo turmi ta gwada, wata ta kawo kwalba. Mai koko ta ce a'uzubillahi, ta koma ɗaki.

Wasanni ma sai da muka tace su. Langa ta fita, don ba a yin ta sai da ture. Ƙwallo aka mai da ita bugu daga nesa, abin da samarin suka ce ba ƙwallo ba ce, kuma suna da gaskiya. Gara taya ya samu karɓuwa. Amma wanda ya ci gasa shi ne ampe, wasan 'yan matan ƙasar nan, wanda ake tafi da tsalle da miƙa ƙafa ana fuskantar juna ba tare da an taɓa kowa ba, sai ka ce don annoba aka ƙirƙiro shi. Da farko mazan suka ce su ba sa wasan mata. Kafin mako biyu mun kama su suna yi a bayan makewayi.

Da dare kowa a waje yake kwana saboda zafi, sai muka mai da hankali sama. A watannin nan Zara tana haske ƙwarai a yamma bayan magariba, ran 3 ga Afrilu kuma ta ratsa ta cikin Kaza da 'Ya'yanta, abin da ke faruwa sau ɗaya a shekara takwas. Haskenta ya dushe 'ya'yan, sai wanda idonsa ke da kyau ya ƙirga uku ko huɗu. Muka ce wa yara su riƙe, sai 2028 za a sake. Da azumi ya kama a ƙarshen Afrilu fitar safe ta ragu, don ba ma son a galabaita, muka mai da ita bayan la'asar, gajeriya. Asham kowa a ƙofar ɗakinsa, tafsiri a rediyo. Ran 24 ga Mayu aka yi sallah ba filin idi, Limamin ƙasa Shehu Usman Nuhu Sharubutu ya yi tasa aka nuna a talabijin, mu kuma muka yi tamu a tsakar gida. Ba za mu ce ta yi daɗi ba. Baba Alhaji ya yi kuka.

Kafin nan ruwa ya sauka. Duk wanda ya yi bazara a arewa ya san wannan yamma: iska ta taso da ƙura da leda, gari ya yi duhu, sa'an nan ƙamshin ƙasa. A ranar dokar sanda ta rushe, yara suka yi ta tsalle cikin ruwa a cakuɗe, ba mu kuma hana ba. Washegari da dare shinge ya cika gindin fitila, aka tara a kwano aka soya. Muka samo tsofaffin tayoyi da buhunan siminti muka cika da ƙasa da kashin awaki a bayan gida, kowane yaro da nasa: kuɓewa, ayoyo, yakuwa, alayyafo. Awakin makwabta suka cinye rabi. Abin da ya tsira ya shiga miyar tuwon zafi, mai shi kuma sai ya sanar da duk gidan cewa ganyensa ake ci.

Yanzu ga abin da ya sa muka hana a ƙona sandar. Uwar yarinyar nan a bakin makaranta take sayar da koko da ƙosai. Da aka rufe makaranta ciniki ya mutu. Muna can muna auna inuwa, ita tana cin jarinta. A watan Yuni, bayan an sassauta, ta zo ta durƙusa a ƙofarmu ta ce, "Malam, ƙanwata ta Kumasi ta ce a ba ta yarinyar ta taya ta tsare shago, in an buɗe makaranta za ta dawo." Muka ce to, Allah ya kiyaye hanya. Abin da muka ce ke nan. Albashinmu bai tsaya ba ko wata guda a duk rufewar nan, da mun tambaya nawa ne jarin koko, da wataƙila abin bai fi ƙarfinmu ba. Ba mu tambaya ba. Mun ɗauka hutun na 'yan makonni ne, alhali 'yan firamare ba su koma aji ba sai Janairun 2021, wata goma cur. Da aka koma, ba ta cikin waɗanda suka dawo. Muka kira ƙanwar uwar a waya, ta ce, "Malam, ai ta saba da nan, kuma hannunta na da albarka a ciniki." Muka sake kira sau ɗaya, daga nan muka bari. Ba ita kaɗai ba ce, kowane malami a garin nan yana da kujerar da ya san mai ita bai dawo ba, wasu aure, wasu kayaye, wasu gareji. Amma wannan a gidanmu take, a gaban idonmu.

Ta zo sallar bara, ta zama budurwa, da wayarta da jakarta, ta kawo wa uwargida turmin atamfa. Lissafin kuɗi a bakinta kamar ruwa. Da ta zo gaishe mu ta ce, "Malam, har yanzu kuna fita bayan gari?" Muka ce wani lokaci. Ba gaskiya muka faɗa ba. Tun da aka buɗe makaranta muka koma allo da alli da ɗalibai 58 a aji ɗaya, ba mu ƙara fita ba ko sau ɗaya, wurin maɗacin ma an yanka filaye an fara gini.

Shekaranjiya muka rubuta wa shugaban makarantarmu takarda muna neman izinin fitar da aji filin ƙwallo ran 14 ga Afrilu, daga ƙarfe goma sha biyu saura kwata zuwa da kwata, kowane yaro ya zo da kwalba ko gwangwani. Ya karanta ya dube mu ta saman tabarau, ya ce a wannan rana tsaka, Malam? Ya ce zai duba. Mun dai riga mun sa autanmu ya nemo zare da dutse.